Daga Monreyal zuwa Damagaram: Yadda Muka Kai Jikoki Gaban Kakanninsu



Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A zamanin da aka yi wannan karin magana, kaka da jika gida ɗaya suke kwana, in ma sun yi nisa to ƙauyen gaba ne, wanda mutum zai tashi da hantsi ya isa kafin azahar. Yaro in ya isa yaye wurin kakarsa ake kai shi, ita ke goya shi tana lallashi har ya manta da nono, kuma daga bakinta yake fara jin tatsuniya da sunayen dangi. Yau neman ilimi da neman abinci sun warwatsa ƴaƴanmu cikin duniya: wasu na Abijan da Kwatano, wasu na Jidda, wasu na Pari da Birusal, wasu kuma sun ƙetare teku zuwa Amurka da Kanada. Sai a haifi yaro can, a sanar da gida ta waya, a yanka rago nan a yanka can, a mayar masa da sunan kakansa, alhali tsohon bai taɓa aza hannu bisa kansa ba.

Mu ma cikin waɗannan mutane muke. Karatu ne ya kai mu Monreyal ta ƙasar Kanada, aiki ya zaunar da mu, can kuma Allah ya ba mu ƴaƴa uku. A watan Disamba na 2024 muka kwashe su, namiji ɗan shekara 7, mace ƴar shekara 4, da jariri ɗan wata 11, muka nufi Damagaram inda mahaifanmu da na uwar yara suke. Abin da ya sa muka ga ya dace mu rubuta labarin wannan tafiya guda ɗaya ne. Lokacin da yaro ya yi wayon da zai riƙe abin da ya gani, tsoho kuma yake da sauran ƙarfin da zai zauna ya yi masa hira, ɗan taƙi ne ƙwarai, shekaru ne da yatsun hannu ke iya ƙirgawa. Kowace shekara magidanci na da hujjar ɗage tafiya: kuɗin jirgi ya yi yawa, jariri bai yi ƙwari ba, bari a gama biyan bashi. Hujjojin nan duk gaskiya ne, sai dai yayin da ake jiran yara su girma, su ma tsofaffi kwanakinsu tafiya suke yi.

Zaɓen lokaci da tanadin guzuri

Shawara ta farko ita ce ta wata. Babban hutun lakwal a Kanada yakan kama daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Agusta, wato tsakiyar damina a ƙasarmu, lokacin da sauro ke yawa, zazzaɓi kuma ke kwantar da yara gida-gida. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi na wuce digiri 40, abin da yaron da ya tashi cikin ƙanƙara ba zai ɗauka da sauƙi ba. Saura hunturu, Disamba da Janairu: sauro ya ragu, dare na da sanyi, amma hutun sati biyu ne kacal, kuɗin jirgi ya hau saboda kowa tafiya yake, ƙura kuma na kawo tari da mura. Muka auna duka, muka zaɓi hunturu, muka nemi izinin ƙarin sati ɗaya daga lakwal. Kwana 22 muka samu, hanya ta ci 9 zuwa da komowa, 13 suka rage mana a gida.

Maganar kuɗi kuwa ba ta ɓoyuwa. Yaron da ya cika shekara 2 sai an saya masa kujerarsa, kuma abin da ake rage masa kaɗan ne. Wanda bai cika ba bisa cinya ake riƙe shi, a biya masa wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba. Shekara biyu muka yi muna zuba adashi kafin kuɗin kujeru huɗu su haɗu. Wani ɗan'uwa mai son mu da alheri ya ce da mun aika da kuɗin nan gida da sun fi amfani, don sun isa gyaran soro da sayen hatsin shekara. Maganarsa na da nauyi, saboda haka muka kai ta gaban Malam, mahaifinmu, wanda ya daɗe yana limanci a unguwarmu. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce: “Kuɗi kuna aikowa, suna kuwa isowa, Allah ya yi albarka. Su yaran ta wace hanya za a aiko su?” Daga nan magana ta ƙare.

Tsaraba ma sai an yi mata tsari. A irin wannan hanya babba yakan samu akwati biyu masu kilo 23 kowane, kuma da zarar labari ya bazu cewa wane zai je gida, saƙonni za su yi ta zuwa daga ƴan'uwa mazauna gari. Karɓar saƙo zumunci ne, amma kada a karɓi ƙunshin da ba a buɗe an ga abin da ke ciki ba, domin a gaban ma'aikatan duwan mai akwati shi ne mai kaya.

Takardu da lafiyar yara

Kowane yaro da fasfonsa, har jariri, kuma wanda fasfon Kanada kaɗai gare shi sai an nema masa biza kamar kowane baƙo. In uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai yi tafiya da yara, ya riƙe takardar yardar ɗayan, don ana iya tambayarta a filin jirgi. Allurar rigakafin shawara tilas ce ga mai shiga Nijar. Daga wata 9 ake yi wa yaro, sai ta kwana 10 takardarta ke fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Sanƙarau shi ma da rani yake tashi a yankinmu, don haka a tambayi likita allurarsa. Mu sati shida kafin tashi muka je wurin likita, kuma lokacin bai yi yawa ba.

Abin da ya fi kowane muhimmanci shi ne zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya tashi inda ciwon yake, jikinsa na samun wata ƴar kariya saboda yawan kamuwa. Yaron da aka haifa a Kanada ba shi da ita ko kaɗan, mu iyaye ma tamu takan zube bayan shekaru a waje. Shi ya sa ciwon da ɗan maƙwabta zai yi kwana uku ya miƙe, yana iya kai baƙon yaro ga halaka cikin ɗan lokaci. Akwai ƙwayoyin rigakafi da likita ke rubutawa gwargwadon nauyin yaro: wasu ana fara sha kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, wasu sati biyu ko uku, kuma dukansu ana ci gaba da sha bayan an komo har adadin ya cika. Muka haɗa da sange mai magani, da ma'aunin zafin jiki, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa wanda ake kaɗawa cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Dare bisa teku

Da dare muka tashi daga Monreyal, gari ya yi fari fat da ƙanƙara. A bakin ƙofar filin jirgi muka tuɓe manyan rigunan sanyi muka bar wa abokin da ya kawo mu, don ba su da aiki inda za mu. A da, yawancin mutanenmu ta Pari suke bi, amma a 2023 aka dakatar da jiragen da ke zuwa Yamai daga can, sai matafiya suka koma bi ta Kazablanka ko Istanbul ko Adis Ababa. Mu ta Kazablanka muka bi: kimanin kilomita 5,700 bisa tekun Atilantika, tafiyar awa 7, sa'an nan wasu kilomita 2,400 bisa Sahara, awa uku da rabi.

Jariri yakan yi kuka wajen tashi da wajen sauka saboda iskar da ke danne masa kunne. Maganinsa haɗiya, wato a ba shi nono ko ruwa a daidai lokacin, manya kuma a ba su abin tsotsa. Madara da abincin jariri ba su cikin dokar nan da ta hana shiga jirgi da ruwan da ya wuce mililita 100, sai dai a nuna su wurin bincike. Akwai kuma ɗan gadon jariri da ake maƙalawa a jikin bango gaban kujerun farko, amma sai wanda ya nema tun wajen sayen tikiti.

A nan muna da magana da ƴan'uwanmu maza. A gida mace na da ƙanwa da gwaggo da maƙwabciya masu karɓar mata yaro ta huta. Cikin jirgi ba ta da kowa sai mijinta. Magidancin da zai miƙe ƙafa ya yi barci ya bar mace da yara uku har gari ya waye bai yi adalci ba. Mu raba aiki muka yi: jariri wurin uwarsa, manyan biyu wurinmu, kai su bayi da ba su abinci da amsa tambayoyinsu marasa ƙarewa. Da jaririn ya ƙi barci tsakar dare, wata dattijuwa ƴar Mali da ke kujerar gefe ta miƙo hannu ba tare da ta ce komai ba, ta rungume shi tana jijjigawa har ya yi shiru. Ba mu san sunanta ba, Allah ya saka mata da alheri.

Mai tafiya gabas darensa gajere ne, don rana yake tara. Ba a jima da kashe fitilu ba sai ga alfijir ta taga. A Kazablanka muka yi wunin jira, domin jirgin Yamai sai dare. Nan muka ga amfanin zanen goyo, wanda ya fi keken tura yaro sauƙi a cikin layi da hawa da sauka. Nan kuma babban yaron ya lura mun yi azahar raka'a biyu, ya tambaya ko mantuwa muka yi, muka bayyana masa ƙasaru: sauƙi ne da aka yi wa wanda tafiyarsa ta kai wajen kilomita 80, har ya isa inda ya yi niyyar zaman kwana huɗu. Da dare muka ratsa Sahara, ƙasa baƙi ƙirin babu ko ƙyallin fitila, kafin asuba muka sauka filin jirgin Diori Hamani. Ana buɗe ƙofa ƙanshin ƙurar hunturu ya tarye mu, uwar yara ta share hawaye, yaran kuwa suna kallonta ba su san dalili ba.

Hanyar gabas

Kwana biyu muka huta a Yamai gidan kawun yara, muka tambayi halin da hanya take ciki wurin waɗanda suka biyo ta cikin satin, don wannan tambaya ce da ba a tsallakewa a wannan zamani. Daga Yamai zuwa Damagaram kimanin kilomita 890 ne bisa babbar hanya mai lamba ɗaya. Motocin safara kan tashi tun kafin asuba su isa bayan isha'i, amma zaman wuni guda cur ya fi ƙarfin ƙananan yara, don haka muka raba tafiyar biyu, muka kwana Maraɗi wurin gwaggonmu. Takardu duka cikin jaka ɗaya muka sa su kusa da hannu saboda shingayen jandarmomi.

Wannan hanya ita ce ta fara gabatar wa yaran ƙasarsu. Bayan Doso ta Zabarmawa sai Dogondutsi ta Arewa da dutsenta da ake hangowa daga nesa, daga nan Hausa ce ke tashi a kowace tasha, har yarinyar ta juyo da mamaki ta ce: “Baba, kowa ya iya maganar gidanmu!” Sai Birnin Ƙonni kusa da iyakar Najeriya, sai Galmi mai albasar da sunanta ya kai har bakin teku, sai Madawa, sai Maraɗi a kilomita 660. Washegari muka bi ta Tasawa da Takeita. Rumbuna cike suke a bakin ƙauyuka, ga raƙuma da amalanke, ga itatuwan gawo shar da ganye tsakiyar rani, su da ke kaɗe nasu da damina. Tun wajen tsakiyar shekarun 1980 manoman wannan yanki suka koma barin tohon itace cikin gonakinsu suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa, kuma mai wucewa na ganin sakamakon da idonsa. Muka ce wa yaron an gama kaka shi ya sa rumbuna suka cika, sai ya zaro ido ya ce: “Wace kakar aka gama?” Mutanen da ke kusa da mu suka yi ta dariya, wani dattijo ya zauna ya rarrabe masa kakar hatsi da kakar da ke jiransa a gida.

A zauren Malam

Da la'asar muka shiga unguwar Birni. Tun watanni kafin tafiya muke koya wa yaran abu huɗu: tuɓe takalmi a bakin zaure, durƙusawa, karɓa da hannun dama, da gaisuwar safe da ta marece. Malam na zaune bisa buzunsa, almajirai kewaye da shi. Yaron ya durƙusa ya ce: “Malam, ina wuni?” da harshensa mai ɗan karkata. Tsohon ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce: “Lafiya lau, mai sunana. Ashe kai ne ka ɗauke mini suna ka gudu da shi bayan teku? To, yau sai ka biya.” Ya jawo shi ya zaunar bisa buzun, wurin da mu ƴaƴansa ba mu taɓa zama ba. Mu kuwa abin da muka samu bayan shekarun rabuwa shi ne: “Kun iso lafiya? Yaya hanya? Madalla.” Ko sunanmu bai kama ba.

Mai karatu ya san wannan ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce. Uba a ƙasar Hausa ba ya nuna son ɗansa a fili, balle ɗan fari. Abin da ya danne shekara da shekaru, bisa jika yake sauke shi. A cikin gida ma haka Inna ta yi. Ta ce wa yaron: “Maigidana, sai yau? Ina kuɗin cefanen shekara bakwai?” Ta dubi yarinyar ta ce: “Ke kuma kishiya, da wannan ɗan gashin za ki ƙwace mini miji?” Yarinyar ba ta san wasan kaka da jika ba, ta ɓuya bayan uwarta tana kuka. Bayan kwana uku ita ce ke bin Inna har madafa tana ce mata tsohuwa, tana neman a ba ta ludayi.

Akwai kuma abin da yaran suka gani wanda ba mu da hanyar nuna musu a Monreyal. Can mu ne manya, babu wanda ke sama da mu a cikin gida. Nan suka ga ubansu zaune a ƙasa, murya ƙasa-ƙasa, ana aikensa yana tashi da sauri. Suka ga uwarsu ta lulluɓe tana gaida surukinta daga bayan ƙofa. Daren nan yaron ya tambaya: “Baba, kai ma tsoron Malam kake ji?” Muka ce masa girmamawa ce, kuma ya fahimta ba tare da dogon bayani ba, domin ya riga ya gani.

Tsakanin Monreyal da Nijar akwai bambancin awa 6 a hunturu, saboda haka ƙarfe goma sha biyun dare a Damagaram, jikin yaran na gaya musu magariba ce. Barci yakan ɗauki kusan sati kafin ya daidaita, kuma fita cikin hasken safiya na taimakawa. Wannan wahala ta zo da alherinta: a dararen farko, lokacin da Malam ke tashi nafilarsa, yakan tarar da mai sunansa ido biyu. Sai yaron ya lallaɓa ya zauna gefensa cikin bargo har ya sallame, su yi ta hira ƙasa-ƙasa. Abin da suka tattauna ba mu ji duka ba, amma daga baya mun ji yaron na lissafa kakanninsa har biyar, da garin da kowane ya yi karatu.

Ruwan randa da kwanon maƙwabta

Wurin da hikima ta fi zama dole shi ne ci da sha. Baƙo ruwa ake fara ba shi, kuma mayar da moɗar da tsohuwa ta miƙo abu ne mai ciwo. Amma cikin yaron da bai saba ba, ruwan randa na iya kwantar da shi. Dabarar da ta yi mana amfani ita ce tun kafin mu taso mun yi wa Inna bayani ta waya, muka danƙa al'amarin a hannunta. Sai ta ware tukunya guda tana tafasa ruwa kowace safiya, ta sa masa suna ruwan jikoki, kuma duk gidan da aka shiga gaisuwa ita ke cewa: “Kada a ba su, cikinsu na Turawa ne.” Maganar da in daga bakinmu ta fito za a ce girman kai ne, daga bakinta dariya ake yi. Malam ma da ya yi musu rubutu, da ruwan tukunyar nan ya wanke allon. Sange kuwa da kanta take ɗaurawa tun magariba, duk da cewa tsofaffin na jin ɗari suna kewaye da wuta, jikokin kuma na yawo da ƴar shimi suna cewa zafi ake yi.

Duk da haka a kwana na biyar yarinyar ta yi gudawa. Muka yi ta ba ta ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, ba a daina ba ta abinci ba, muka kai ta likita aka duba jininta aka tabbatar ba zazzaɓin sauro ba ne, aka ƙara mata ƙwayar zinki. Kwana biyu ta miƙe. Ka'idar da muka riƙe ita ce duk zafin jiki a yaro baƙo, a ranar ake zuwa gwaji, ba a jiran gobe.

Gida biyu ne ke da haƙƙi a kan yaran, namu a Birni da na mahaifan uwarsu a Zongo. Tun ranar farko muka raba kwanakin a fili, bakwai nan shida can, don kada wani ɓangare ya ga an tauye shi. Ziyarar sauran dangi kuma muka taƙaita ta ga safiya, domin in aka biye wa kowane gida, kwana 13 za su ƙare cikin mota, kakannin da aka zo dominsu su samu saura.

Harshe da gari

A nan ne muka ga ribar dokar da muka kafa a gidanmu tun haihuwar fari, cewa Faransanci na lakwal ne, a cikin ɗaki Hausa za a yi. Mun san wani gida da aka kawo jikoki daga Turai, kaka da jika suka zauna suna kallon juna sai an nemo mai fassara, kuma wasa ba ya yiwuwa ta bakin tafinta. A watan Maris na 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma doka ba za ta shiga ɗakin magidancin da ke Kanada ta koya wa ɗansa gaisuwa ba; wannan aikin uwa da uba ne, kuma shekaru kafin a sayi tikiti ake fara shi.

Wata safiya Malam ya ɗauki sandarsa ya ce zai nuna wa mai sunansa gari. Muka bi su a baya cikin lungunan Birni, tsakanin manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su da soraye masu zanko da zane a fuska. Ya tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya ba shi labarin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ayarin raƙuma ke tasowa daga nan har Tarabulus. Ya gaya masa Baturen nan Barth, da ake kira Abdulkarim, ya sauka garin a ƙarshen 1852, Faransawa suka ci shi a 1899, kuma nan ne mazaunin mulkin ƙasar har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Ranar Alhamis kuma kakarsu ta Zongo ta kai su kasuwar Dole, ta saya musu takalman fata na dukawa da alkaki. Mun taɓa gaya wa yaron wasu daga cikin waɗannan abubuwa a Monreyal bai riƙe ba. Da ya ji su daga bakin kakansa, hannunsa cikin nasa, har yau yana maimaitawa.

Ban kwana

Ranar tafiya Inna ta cika jaka da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Kilishi kam a Yamai muka cinye shi, domin Kanada ba ta yarda a shiga da nama ba, kuma duk abincin da aka ɗauko sai an bayyana shi ga duwan. Malam ya ba yaron ɗan ƙaramin allo da ya sa aka sassaƙa masa, ya tara jikokin ya tofa musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya dube mu ya ce: “In Allah ya sa da sauran ganawa, to. In kuwa babu, yanzu sun san wanda za su yi wa addu'a.” Bai rako mu ba, a zaure ya tsaya; Inna ce ta biyo mu har bakin lungu tana tsokanar kishiyarta, muryarta na rawa.

Bayan komowa yaran suka ƙarasa ƙwayoyinsu. Mu tuna wa iyaye cewa zazzaɓin sauro na iya ɓullowa makonni ko watanni bayan an baro gida, don haka duk yaron da jikinsa ya yi zafi a gaya wa likita ƙasar da aka je, domin likitan can ba lalle ne ya kawo wannan ciwo a ransa ba. Abin da ya sake a gidanmu kuwa shi ne kiran waya na ranar Juma'a. A da sai mun kamo yaran mun tsayar da su su ce ina wuni su gudu. Yanzu su ke ƙwace wayar, suna tambayar akuyar Inna ko ta haihu, da almajirin da ya koya musu langa, Malam kuma na bin mai sunansa bashin karatun allo.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mazaunin nesa, in mahaifanka na raye kuma Allah ya hore maka ko da ta hanyar adashi ne, ka sa ranar tafiya, ka nemi likita da wuri, ka fara koya wa yara gaisuwa tun yau. Ku kuma iyayenmu da ƴan'uwa na gida, in baƙin jikoki sun zo da ruwansu na daban da harshensu mai karkata, a yi musu haƙuri, a ja su a jiki, kada a yi musu dariyar da za ta sa su rufe baki. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya shirya mana zuriya, ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya. Amin.